Godiya ga duk wanda ya tsaya min har littafin nan ya fito

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar Asabar da aka tashi daga taron ƙaddamarwa nake son in zauna in rubuta wannan godiyar amma wlh jikin ya ƙi, muryata ma sai jiya ta dawo, ga saƙonni sun cika waya wasu ko buɗewa ban yi ba, don Allah wanda ya ga shiru ya yi min uzuri ba wulaƙanci ba ne. Alhamdulillahi an yi taro lafiya an watse lafiya. Littafin da na yi shekara biyu da 'yan watanni ina fama da shi yau ga shi a hannun mutane da bangonsa da komai, har yanzu in na ɗauka sai na shinshina ƙamshin takardar kamar wata ƙaramar yarinya.

Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san ni da labarin soyayya da rikicin kishiyoyi, shi ne abincinmu kuma ban raina shi ba. Abin da ya juya min alƙalami shi ne Hanifa, yarinyar nan da aka sace a Kano. A watan Janairun 2022 da labari ya fito an gano gawarta, yarinya 'yar shekara 5, kuma wanda ya ɗauke ta ba wani baƙo ba ne da ya fito daga daji, mai makarantar da iyayenta suke kai ta da hannunsu ne, a lokacin 'yata ta biyu ita ma shekararta 5, daren nan ban runtsa ba sai leƙa ɗakin yara nake ina ƙirga su kamar wani zai rage min ɗaya. Kafin nan kuma ga yaran nan 9 da 'yan sanda suka gano a Onitsha a watan Oktoban 2019, an kwashe su daga unguwannin Kano an sayar, an canza musu suna, wasu Hausar ma ta zube daga bakinsu. Kotu ta yi nata, Paul Owne da aka kama da satar yaran ya samu ɗaurin shekara 104 a 2021, Abdulmalik Tanko mai makarantar su Hanifa aka yanke masa hukuncin rataya a watan Yulin 2022. Amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne tsakanin, daga lokacin da uwa ta leƙa ƙofar gida ba ta ga ɗanta ba zuwa ranar da za a shiga kotu, me ke faruwa, wa ke nema, da me yake nema. Shi ya sa na ce bari in gwada labarin bincike, duk da ban taɓa taka caji ofis ba a rayuwata.

Godiyata ta farko bayan ta Allah tana wurin Baba, maƙwabcin gidanmu na da, tsohon ɗan sandan farin kaya da ya yi ritaya, ya ce kar in kira sunansa don haka Baba kawai. Babi uku na farko na kai masa ina ta jin kaina, ya sa tabarau ya karanta a zaure yana kurɓar shayi, da ya gama sai ya kwashe da dariya ya ce 'yata wannan Sufeton naki ai na fim ne, ya kalli sawun ƙafa ya gane ɓarawo? Wlh na ji haushi ranar har na ƙi cin abincin gidan. Amma na koma, kuma na yi ta komawa kusan duk Alhamis da yamma. Shi ya nuna min cewa aikin ƙafa ne da haƙuri, ka zauna da mai unguwa, ka zauna teburin mai shayi, ka bi masu Adaidaita Sahun da ke tsayawa a bakin layi ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi mai kanti da yaran da ke ƙwallo, ka rubuta takarda ka jira bayanan kiran waya. Ya ce yawancin mutanenmu in yaro ya ɓata sai an gama zaga gidajen dangi, an kai cigiya rediyo da masallaci, wasu har an je wurin mai duba, kafin a tuna da kai rahoto, alhali awannin farkon nan su ne zinare, a yi duka a lokaci ɗaya, a tafi da hoton yaron na kwanan nan, a tuna kayan da ke jikinsa. Sannan tambayar da littafin gaba ɗaya ya tsaya a kanta, wadda Sufeto ya yi wa uwar yarinyar a babi na 4 kuka yi ta yaɗa ta a sitatus, ba tawa ba ce ta Baba ce: wa yaron nan zai bi ba tare da ya yi kuka ba? Baba Allah ya ƙara lafiya ya sa a gama da duniya lafiya, goron Alhamis kuma ba zai yanke ba don littafi ya ƙare.

Sai Antina nas. Ita ta hana ni yin babban kuskure, don a rubutun farko na sa uwar ta yi wa yarinyar wanka da ruwan zafi ta wanke kayanta, na rubuta shi kamar abin kirki don haka kowace uwa za ta yi in hankalinta ya tashi. Anti ta kira ni da dare ta ce ke kin san mutum nawa za su karanta wannan su ɗauka haka ake yi? Ta yi min bayani cewa in an ci zarafin yaro ba a wanka ba a wanke kaya kafin likita ya duba, kayan a sa a takarda ko ambulan ba leda ba, kuma a garzaya asibiti don maganin kariya daga HIV cikin awa 72 yake aiki, in ya wuce an makara. A wurinta na fara jin sunan cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke asibitin Murtala, ni 'yar Kano haihuwa da girma ban san da ita ba. Na bar wankan a cikin labarin amma na mayar da shi abin da ya kusa rusa shari'ar, kuma har yau shi ne babin da aka fi yi min magana a kai.

Yaya lauya, kai ma na gode duk da ka ɓata min ƙarshen labari har sau biyu. Ni so nake a kama mutum yau a yanke hukunci jibi kowa ya huce, ya ce ƙanwata ba haka ake yi ba, akwai beli, akwai ɗage zama, akwai shaidar da za ta ɓace, akwai ranar da dattawan unguwa za su yi sallama bayan isha'i da goro suna cewa a rufa asiri a janye ƙara ai duk ɗaya ne. Daga bakinsa na san Najeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara tun 2003 amma Kano sai 2023 aka sa hannu a tata, Kaduna kuma a 2020 ta kawo hukuncin dandaƙa ga masu yi wa ƙananan yara fyaɗe, NAPTIP ma, hukumar yaƙi da fataucin mutane, da nake ɗauka aikinta kawai masu fita da mata ƙasar waje ashe sayar da yara a cikin gida ma yana cikin hurumi nata. Zaman dattawan nan da goro shi ya zama babi na 19, kuma gsky na fi tsoron su a cikin littafin fiye da shi mai laifin.

Yanzu masu karatu, 'yan guruf ɗina na WhatsApp, ku ban san ta inda zan fara ba. Kun tuna lokacin da na yi shiru wata guda? Ina cikin Adaidaita ana tsaye a danja wani yaro ya zuro hannu ya fizge wayar, ko ihu ban iya yi ba, ciki akwai babi 11 da na riga na sake gyarawa ban ajiye su ko'ina ba, eh na sani na sani, kowa ya yi min faɗan nan. Na ce shi ke nan na haƙura da littafin, wataƙila Allah bai nufa ba. Sai ga ku kun fara turo tsofaffin fejin da kuka adana, wannan ya turo uku wannan ya turo biyar, wata baiwar Allah daga Damagaram ta zauna ta sake taifin ɗin babi huɗu daga sikirinshot da 'yar ƙaramar wayarta, har da kurakuran rubutuna ta kwafo su yadda suke wai kar ta taɓa min magana. Ban taɓa ganin ta ba sai ranar Asabar da ta tsallako boda ta zo. 'Yar uwa Allah ya biya ki, ni ba ni da abin biyan ki.

Waɗanda suka zage ni ma ina godiya, da gaske nake. Da aka gano mai laifin, ba zan faɗi ko waye ba saboda waɗanda ba su karanta ba, guruf ya kama da wuta, wasu suka ce na ci mutuncin mutanen kirki, wasu suka ce me ya sa ban mayar da shi baƙo ɗan wani yare ba ai su ne masu satar yara. Ban yi ba kuma da gangan na ƙi, don wanda ya kashe Hanifa sallama yake da iyayenta, in na ɗora komai a kan baƙo na yi wa iyaye ƙarya na sa su tsare ƙofar waje su bar ta ciki a buɗe. Akwai kuma masu turo min saƙo wai in bayyana abin da aka yi wa yarinyar dalla dalla labarin zai fi armashi zai fi sayuwa. Allah ya shirye ku. A littafina ƙofa tana rufewa ne labari ya koma wurin Sufeto, kuma haka zai zauna ko kwafi goma ne kawai zai fita.

Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne a tsakiyar rubutun an yi ta kiran Abban yara da ɓoyayyar lamba, wai ya ja wa matarsa kunne tana tona asirin gidansu. Wlh tallahi ban san su ba, labarin ƙirƙira ne. Kuma ba gida ɗaya ba, gida uku daban daban kowanne yana rantsuwa da su nake. Na tsorata sosai har na daina barin yara su je Islamiyya su kaɗai, na rame, hawan jini ya taso min aka kwantar da ni kwana biyu. Abban yara ne ya zauna bakin gadon asibiti ya ce in kin bari saboda lafiyarki na yarda, amma in saboda su ne ban yarda ba. Na gode Abban yara, na kuma yafe maka dariyar da ka yi min ranar da Baba ya kushe Sufetona. Hajiyarmu da ta riƙe min yara duk ƙarshen mako, ƙannena da suka raba zoɓo da kunun aya suka kwashe kujeru, mai ɗab'in da ya yi haƙuri da ni kuɗin takarda na ta hawa ina ta cewa gobe, malaman makaranta da suka zo da yawansu, mutanen Zariya da Katsina da Maraɗi da suka sha hanya, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya ya saka da alheri. Wanda ya manta da filas ruwan toka a ƙarƙashin kujerun baya yana wurina.

Na bar mutum ɗaya sai ƙarshe don duk sanda na zo kanta hannuna rawa yake. Wata uwa ce, ina babi na 7 ta turo min saƙon murya mai tsawon kusan minti arba'in, na saurare shi a kicin a tsaye har miya ta kama. Ɗanta ya fita da allonsa da yamma shekaru da yawa da suka wuce bai dawo ba, ba gawa ba labari. Ta ce mutane suna cewa ta yi haƙuri ta ɗauka ya rasu, amma ta yaya za ta yi zaman makokin wanda ba a wanke ba, har yanzu in ta zo rabon tuwo sai ta ɗauko ɗan kwanonsa ta riƙe kafin ta tuna, kuma duk yaron da ta gani a titi sa'ansa sai ta kalli bayan kunnensa don yana da ɗan tabo a wurin. Da izininta na sa kwanon a littafin, tabon kuma na canza masa wuri.

Ranar Asabar ta zo. Ta zauna can baya da niƙabinta ba ta yi magana da kowa ba, sai da aka watse ana naɗe tabarmi ta matso ta kama hannuna, na gane ta da murya. Na miƙa mata kwafi ta ƙi karɓa kyauta sai da ta kwance bakin zani ta biya. Ta ce Anti in za ki yi na biyu don Allah ki bari a gano wani da ransa, ko ya girma ko ya manta sunansa ko ba ya jin Hausa, ki bari dai ya shigo gida. Na ce mata to Mama. Don haka masu tambayar ko akwai na biyu, akwai, sai dai ku ba ni lokaci in ɗan huta tukun.