Ashe ƙwan sauron a jikin kaskon yake

Yau kwana 16 ke nan ban ga tsutsar sauro ko ɗaya a kaskon ruwan tsuntsayena ba. Wallahi murna kamar in yi shela.

Tun farko abin da kowa ya sani nake bi: sauro na ɗaukar kwana 7 zuwa 10 daga ƙwai ya zama babba, don haka a riƙa canza ruwa kafin nan. Ni bayan kwana biyu-biyu ma nake canzawa. Amma in na zuba sabo da safe, kashegari in leƙa sai in ga ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil. Na zargi ruwan, na tace shi. Na sauya wa kaskon wuri. Har na bar shi a bushe mako guda cur, kurciyoyi su sauko su leƙa su tashi haka nan, abin yana ci mini rai. Da na sake zuba ruwa, kafin gari ya waye sun dawo.

Cikin haushi na sayo wani faranti mai santsi, mai tsada kuwa. Kuɗin nan har yanzu yana yi mini ciwo. Kwana uku kacal ya yi, na tsinci ƙudan zuma huɗu a mace a ciki, sun zame sun kasa fita. Na ajiye shi gefe.

Ranar da na koma kan tsohon kaskon ne na karkata shi wajen haske. Sama kaɗan da inda ruwa ke tsayawa, ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige a jere, kamar an barbaɗa garin gawayi. Ƙwan sauron Aedes ne, mai ratsin fari da baƙi a ƙafa. Shi ba a kan ruwa yake yin ƙwai ba, a jikin mazubi yake manna su, kuma suna iya yin watanni a bushe ba su mutu ba. Ashe duk sanda na cika kaskon, ni da hannuna nake jiƙa su su ƙyanƙyashe.

Yanzu kowane canji sai na bi gefen da buroshi mai tauri, ba sabulu, in zubar da ruwan wankin a busasshiyar ƙasa. Zurfin ruwan ba ya wuce santimita 5. Na jera tsakuwa a gefe ɗaya, kawunansu a waje, su ma ina goge su. Jiya da rana na ƙirga ƙudan zuma bakwai a kansu suna sha, gwara biyu na wanka a ɗaya gefen.

Saura kyanwar da ta fara laɓewa bayan tukunyar fure. Gobe zan ɗaga kaskon sama, in matsar da shi fili inda tsuntsayen za su hango ta tun daga nesa.