Jijiyar da ta ƙi buɗewa

Tunda maganar barin aikina ta riga ta zaga, har masu gadi suna tare ni da "Allah ya sa haka ne mafi alheri, Likita", gara a ji nawa daga bakina. Masu cewa albashi ne ya kore ni ba zan yi musu da su ba, kowa ya san yadda albashin yake. Amma ni na san inda abin ya fara ɓaci: jijiyar gaba ta hagu a zuciyar wani dattijo ɗan Kantin Kwari.

Alhaji ya haura saba'in, ya daɗe da ciwon suga da hawan jini, ƙodarsa ma ta fara gajiya. Duk wanda ya taɓa ɗaura rigar dalma ta kariya a ɗakin kateta, inda ake zura siririn bututu ta jijiya har zuciya ana kallo a allo, ya san abin da wannan haɗin ke haifarwa. Tun ba mu tura ruwan hoto ba, wato ruwan da ke sa jijiya ta fito a allo, jijiyar ta fito a allo da kanta, layi biyu masu duhu, ɗaya ta kowane gefe, ko an tsayar da hoton suna nan. Kalsiyam ne ya zagaye ta, ta koma tamkar bututun siminti.

Ni ke riƙe da famfon hurawa. Muka sa balan-balan mai jure matsi a cikin jijiyar don ya buɗe ta, ina ƙirga matsin da ƙarfi yadda aka saba: 16, 18, 20. Bakin balan-balan ɗin biyu suka kumbura, tsakiya ta tsuke, ƙugun ya ƙi ɓacewa. Muka sake, haka dai. Na sassauta murya na ce wa babban likitanmu, "Yallaɓai, ba ta buɗe ba. Jini na wucewa, kuma ba gaggawa ta kawo shi ba. Da mun tsaya nan, a tura shi inda suke da na'urar fasa kalsiyam." Bai ko juyo ba. Ya ce, "Dakta, wata nawa ma ka yi a Indiya? A miƙo mini sitent." Nas-nas suka sunkuyar da kai. Aka sa sitent, ragar ƙarfen nan da ake bari cikin jijiya don ta zauna a buɗe, aka bi shi da wani balan-balan, tsakiyarsa ta ƙi buɗewa kamar yadda jijiyar ta ƙi tun farko. Aka fita aka ce wa 'ya'yansa aiki ya yi kyau.

Ga waɗanda labarin ya zo musu a karkace, abin da nake nufi a ranar shi ne IVL, wato fasa kalsiyam daga cikin jijiya da girgizar sauti. Dabarar ba sabuwa ba ce: tun 1980 likitoci a birnin Munik na Jamus suke fasa tsakuwar ƙoda da irin wannan girgiza ba tare da an yanka mutum ba. Kamfanin Shockwave na Amurka ne ya ƙanƙance ta ya cusa cikin balan-balan mai tsawon milimita 12. Ana kai shi daidai kan kalsiyam ɗin, a hura kaɗan, matsi 4 kacal, don dai ya manne da bangon jijiya, sai a danna maɓalli. Tartsatsin lantarki ya tafasa ruwan da ke ciki, kumfa ta tashi ta fashe nan take, girgizar ta ratsa tsoka mai laushi ba tare da wata illa ta a-zo-a-gani ba, ta je ta tsattsaga mai taurin, na sama da na can cikin bango. Bugu 10, ɗaya kowace daƙiƙa, sai a ɗaga zuwa 6 a duba, a sassauta jini ya wuce, a maimaita. Layin bugun zuciya a allo kan ɗan yi tsalle tare da bugun na'urar, baƙo ya firgita, 'yan gida ko a jikinsu. Ranar da na fara gani, na tsaya baki buɗe ina kallon ƙugun nan yana ɓacewa a matsin da bai kai sulusin wanda muke azabtar da jijiya da shi ba.

Bayan 'yan watanni Alhaji ya dawo, daga gida zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya ya dafe ƙirji. Sitent da bai buɗe ba ai haka yake: ko ya sake tsukewa a hankali, ko jini ya daskare a cikinsa rana ɗaya, wannan kuwa sai dai Allah ya kiyaye. 'Ya'yan ba su ƙara neman shawarar kowa ba, suka je Wapa suka yi canji, suka hau jirgin Alƙahira. Can aka leƙa cikin jijiyar da na'urar ɗaukar hoto ta ciki, aka ga abin da muka gani, aka yi IVL a cikin sitent ɗin namu. Ba don wannan aka ƙera na'urar ba tun asali, kuma aikin ya fi sauƙi idan babu ƙarfe a hanya, amma Allah ya taimaka. Babban ɗan ya kawo mini kwafin rahoton har ofis, ya ce, "Likita, ashe kai ka faɗa." Ɗakin kateta ba ni kaɗai ne a ciki ba ranar, kuma ba daga bakina ya ji ba.

Mako bai zagayo ba na samu takardar tuhuma. Laifina biyu. Wai ban yi wa majiyyaci cikakken bayani kan shan asfirin da kulofidogirel, magungunan hana jini daskarewa, ba, shi ya sa sitent ya toshe. Wai kuma na zubar da mutuncin asibiti a gaban iyalinsa. Mutumin da Hajiyarsa ke tara fankon kowane katin magani a baƙar leda, ta zazzage mini su kan tebur duk ranar da suka zo, tana cewa "Ɗan nan, ƙirga da kanka"! Wannan takardar ita ce har yau idan na tuna sai in ji abinci ya fita a raina.

A taron sashe na nemi a ba ni dama, aka ba ni. Na kawo binciken Disrupt CAD III na 2020, majiyyata 431 a cibiyoyi 47 a Amurka da Turai, inda aiki ya yi nasara a sama da kashi 92 cikin 100, wanda a kansa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar ga jijiyoyin zuciya a Fabrairun 2021. Ban ɓoye rauninsa ba, don na san masu jira. Ba a gwada IVL kafaɗa da kafaɗa da wata hanya a binciken ba. Balan-balan ɗin ya fi na yau da kullum kauri, idan hanya ta tsuke sosai ba ya shiga, sai an fara share masa da Rotablator, mai kan lu'ulu'un nan da ke juyawa sau 140,000 ko fiye a minti ɗaya. Kateta guda bugu 80 take bayarwa, sabon samfuri 120, ta mutum ɗaya ce, a gama a jefar, kuɗinta kuwa dubban daloli. Kamfanin Johnson & Johnson da ya biya kusan dala biliyan 13 ya sayi Shockwave a 2024, ba na jin da 'yan Kwari da Sabon Gari ya yi lissafinsa. Don haka ban ce a saya ba. Abu ɗaya na roƙa a rubuta a manna a bango: idan balan-balan bai buɗe ba, ba a sa sitent. Yallaɓai ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Madalla, mun sha lacca," aka tashi.

Tsakani da Allah, mutumin yana da hannu. A wurinsa na koyi bi ta jijiyar wuyan hannu, kuma na ga ya ceto mutane da tsakar dare waɗanda da a hannun wani ne sai dai gawa. Na kuma san yadda yake ji idan majiyyaci ya karɓi faifan hotonsa ya nufi filin jirgi. Kalmar "ba mu da kayan wannan aikin" ce dai ba ta fita daga bakinsa, kuma ba ya yafe wa wanda ta fita daga nasa.

Ga ƙannen likitocin da na bari a baya, shawarwarina ba su da yawa. Ka dubi allo kafin ruwan hoto ya shiga. Abin da ka faɗa a ɗakin kateta, ka rubuta shi a fayil da kwanan wata da sa hannu, don bakin da ya ji ka ba zai tsaya maka a taro ba. Ka girmama nas-nas, sun riga ka sanin wane ne wane. Mai suga da ciwon ƙoda, ka yi wa iyalinsa maganar kalsiyam tun kafin su biya kuɗin sitent, su san akwai yiwuwar a shiga a fito ba a sa komai ba, kada su ɗauka an cuce su.

Takardar tuhumar tana nan a fayil ɗina. Na rubuta na nemi a cire ta kafin in tafi, na haɗa da kwafin rahoton Alƙahira. Sakatariya ta ce in yi haƙuri, sai Yallaɓai ya dawo daga Umara.