Me ke lanƙwasa bayan kifin koi?

Kifin koi, wanda manoman yankin Niigata na Japan suka fara kiwo don ƙawa, idan ya girma da lanƙwasasshen baya, da wuya ya sake miƙewa. Shi ya sa gano dalili ya fi neman magani.

Abinci ake fara dubawa. Rashin bitamin C na lanƙwasa baya. Koi ba ya samar wa kansa shi, kuma bitamin ɗin yana lalacewa a buhun da aka buɗe aka bar shi cikin zafi da laima. Ka sayi abin da zai ƙare cikin wata 2 ko 3, ka adana shi a rufaffen mazubi.

Amma fa idan jiya kifi lafiya lau, yau ka tarar ya karkace kamar lauje, ba abinci ba ne. Zargi wutar lantarki da ke zuba daga injin tura ruwa, ko tsawa, ko maganin ƙwari da ruwan sama ya wanko daga lambu. Kashe wuta tukuna kafin ka tsoma hannu.

Gyambo da zagwanyewar jela kuwa yawanci daga lalacewar ruwa suke. Amoniya da naitirait, wato sinadarai masu guba da ke taruwa a ruwa daga ƙazantar kifi, su kasance sifili. Idan sun hau, canza kashi 20 cikin 100 na ruwan, ka rage ciyarwa, ka sa gishiri giram 3 a kowace lita.

Sabon kifi a keɓe shi sati 4. Zai iya zuwa da KHV, wata cuta mai yaɗuwa tsakanin kifayen koi, wadda ke tashi idan ɗumin ruwa ya kai digiri 16 zuwa 28 a ma'aunin Celsius, kuma ba ta da magani.