Daga Kumasi zuwa Salaga a kan babur na hannu

Aikin famfunan sola ne ya kai ni Gana na 'yan watanni, kuma ƙauyukan da za mu zagaya a arewacin ƙasar ba kullum motar haya ke shiga ba. Babur nake nema wanda zai ci doguwar kwalta, ya shiga burji, ya ɗauki akwatin kayan aiki, in na gama in sayar in taho gida. Boksa irin tamu za ta kai mutum, amma tsakanin Kumasi da Tamale kusan kilomita 380 ne, kuma gadon baya ba ƙarfe ba ne. Manyan nan masu cc dubu kuwa nauyi da shan mai sun yi yawa. Sai na tsaya a kan matsakaici, mai cc 600 zuwa 700.

A zangon Kumasi na sauka, gidan wani Alhaji da kakansa ya zo fataucin goro daga Katsina bai koma ba. Mutumin nan ya ƙi karɓar ko sisi na kuɗin ɗaki. Kullum da asuba ga koko da ƙosai, da rana ga wake da shinkafa da yajin nan nasu mai kifi. Da na faɗa masa abin da nake nema, sai ya ce, "Ɗana, kada ka je kai kaɗai. Baƙo idonsa fenti yake gani." Ya haɗa ni da bakanikensa, wanda ake kira Masta, muka nufi Suame Magazine.

Na ɗauka kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ta gama nuna mini kayan gyara a duniya. Suame gari ne guda na kanikawa da maƙera da masu walda. Abin da babu a shago, wani zai ƙera maka shi kafin la'asar. Dillalin farko ya fito mana da jan Yamaha R6 yana ta ƙyalli, zuciyata ta so shi, amma babur ne na tsere, a kife ake tuƙa shi, ramin farko na hanyar ƙauye zai fasa robobinsa. Na biyu Suzuki V-Strom 650 ne, mai tankin lita 22, ga wurin zama mai daɗi. Bakaniken ya dafa salansa ya ji ɗumi, ya dubi dillalin ya ce, "Wa ya sa ka tayar da shi kafin mu zo?" Inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa, shi ya sa suke ɗumama shi tun baƙo bai iso ba. Muka wuce.

Na uku shi ne Honda Transalp 650, fenti ya koɗe, wurin zama da faci. Ban ko kalle shi sau biyu ba, amma Masta ya tsuguna. Ya cire murfin haƙorin sarƙa na gaba ya duba sandar da haƙorin yake zaune a kai, don a nan irin wannan babur yake cinyewa, kuma in ta cinye sai an buɗe inji gaba ɗaya. Ya auna cajin batir, ya leƙa ruwan lagireto, ya sunsuna baƙin mai. Abin da ya sa na amince shi ne kafireta gare shi, ba kwamfuta ba, kuma tayar gaba mai inci 21 ce da waya, irin wadda ke haɗiye gargada. Tunda ba zama da shi zan yi ba, tambayata biyu ce: in ya tsaya a daji akwai mai iya taɓa shi? In na tashi tafiya akwai mai saye?

Ciniki kuwa, wallahi 'yan Gana sun fi mu taurin kai. A Kano in ka taya rabi, za a ce albarka a yi dariya a ci gaba. A nan mai babur ya ɗaure fuska kamar na zage shi. Sai da Masta ya lissafa masa tayar baya da ta suɗe, da sarƙar da ta saki, da inshorar da ta ƙare, sannan ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Duk da haka kuɗin ya haura na sabuwar Boksa biyu, kuma har yanzu ina ganin ya yi tsada. Mai ma a can ya fi namu tsada nesa ba kusa ba.

Bayan Techiman wani jami'i ya tare ni a shinge. Ga hular kwano a kaina, ga takardun canjin mallaka, ga lasisi. Da ya ji ni ɗan Najeriya ne sai ya jefar da takardun a kan teburi, ya ce mutanenmu ba sa hawa irin wannan sai na sata. Ya bar ni a rana ya shiga hira. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban san laifin da fasfona ya yi masa ba. Wata mai sayar da doya a gefen titi ce ta miƙo mini kujera da ruwa, ta yi masa magana da yarensu cikin faɗa, ya miƙo takardun ko kallona bai yi ba.

Tamale ta ba ni mamaki. Mata a kan babura ko'ina, da goyo, da kayan cefane, tsofaffi da 'yan mata, babu mai juyowa ya kalle su. Mu da aka hana acaɓa a Kano tun 2013, na manta yadda gari yake in babur ne ƙafar kowa. Ga gaisuwa, sai an rusuna.

A burjin ƙauyuka baburin ya biya kuɗinsa, ko da yake a yashi nauyinsa na kusan kilo 200 yana gajiyar da hannu. Na leƙa Salaga, Gwanjar da kakanninmu ke zuwa sayen goro kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar. Tsofaffin rijiyoyin garin suna nan, Hausa ma tana nan a bakin dattawa. A Larabanga na tsaya na ga tsohon masallacin da aka gina da laka.

Da aiki ya ƙare, wani malamin gona a Tamale ya saye shi, na yi asarar abin da bai kai kuɗin motar da zan kashe ba. Na biyo bas ta Aflao, Lome da Kwatano na shigo Legas.