Ranar da famfo ya tashi ina ƙarƙashin ruwa

Duk wanda na gaya wa cewa nutso ne sana'ata, kuma a Sakkwato nake yin ta, tambayarsa ta farko ita ce wane teku ne a Sakkwato. Teku dai babu. Amma akwai Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ga madatsar Goronyo, ga ta Bakalori can wajen Talata Mafara, ga injinan ban ruwa birjik a fadamun masu noman rani. Duk inda aka tare ruwa ko ake jan sa da inji, wata rana ƙofa za ta cije, raga ta toshe, bututu ya tsage, kuma ba kullum ake iya janye ruwan a gyara a busasshiyar ƙasa ba. A nan ake neman irinmu.

Ta wajen uwa ni jinin Sarkawa ne. Kawuna ne ya koya mini nutso da numfashi ɗaya tun ina ɗan yaro, irin wanda ake gasarsa a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu. Ambaliyar 2010 ce ta sauya mini tunani. A shekarar ruwa ya karya gadar da ta haɗa gari da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya cinye gonaki da ƙauyuka. Na ga su Kawu suna faɗawa cikin wannan jan ruwa daga su sai gajeren wando, suna lalubo wa mutane injin ban ruwa da babur, wani lokaci har da gawa. Jarumtarsu ba ta da na biyu, sai dai numfashi ɗaya ba ya kwance noti, ba ya yanka ƙarfe. Bayan shekara ɗaya na tafi Warri na koyi nutson da ake yi da kayan aiki.

Abin da muke sawa ba irin na masu yawon kallon kifi ba ne. Kwalkwali ne mai rufe kai gaba ɗaya, nauyinsa a tudu ya haura kilo 12, har sai ka shiga ruwa wuyanka ke samun sauƙi. Daga shi aka ɗaura wata kitsattsiyar igiya zuwa sama, wadda muke kira cibiya: a cikinta akwai tiyon iska daga kwamfuresa, da wayar magana, da siririn tiyon da ke nuna wa na sama zurfin da kake. A baya kuma kana goye da ƙaramar silinda ta ko-ta-kwana, idan iskar sama ta yanke. Shi kansa kwamfuresan sai an lura da inda yake shaƙar iska. Idan hayaƙin salansa ya shiga bakinsa, guba ce za a tura maka kai tsaye, ba ta da wari, sai dai ciwon kai da jiri, daga nan sai suma. Da hunturu nakan duba matatarsa kafin kowane shiga, don ƙurar Sakkwato ba ta ɗaukar lokaci take cika ta.

A kudu an koya mana lissafin zurfi. Kowane mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya guda. Iskar da ka shaƙa a mita 10, in ka riƙe ta ka taso, za ta ninka girmanta a ƙirjinka ta fasa huhu. Wannan ya saɓa wa duk abin da Kawu ya koya mini, domin shi riƙe numfashi ne gwanintarsa, ni kuwa yanzu riƙe shi ne ajalina. Sai kuma iskar naitirojin da ke narkewa cikin jini idan an daɗe a ƙasa, wadda ke sa a riƙa hawa a hankali, kamar mita 9 a minti. Ina can kudu a watan Mayun 2013 lokacin da jirgin Jascon-4 ya kife a teku daura da Escravos a jihar Delta, aka samu mai dafa abincinsa, Harrison Okene, da rai bayan kusan awa 60 a zurfin mita 30, a wani lungu da iska ta maƙale. Ko da aka same shi ba a fito da shi kai tsaye ba, sai da ya yi kwanaki a ɗakin matsin iska, inda ake rage matsin a hankali har naitirojin ta fita daga jini. Irin wannan ɗaki can wajen masu aikin mai yake, shi ya sa a nan gida ba na kusantar iyakar lokacin da jadawalin nutso ya ba ni na zama a ƙasa ko kaɗan.

Ruwanmu na nan ba zurfi ne matsalarsa ba, duhu ne. Da ka sauka kamu biyu a Rima, hasken rana ya zama ja, sannan ya ɓace. Fitila ba ta ƙara komai sai hasken laka. Da hannu ake gani. Na koyi gane girman noti da ɗan yatsa, na koyi bin tsagar bututu da farce ina ƙirga taƙi ina faɗa wa na sama yana rubutawa. Akwai tsargiya kuma, don haka ko zafi ya kai yaya ba na shiga sai da rigar da ta rufe jiki.

Yankan ƙarfe ne aikin da mutane suka fi taruwa kallo. Idan tsohuwar ƙofar ruwa ko rodin kwalbatin da ya rushe ya tare hanya, da sandar wuta muke yanka shi, wadda ake hura wa iskar oksijin, zafinta ya haura digiri 5,000, tana ci a cikin ruwa kamar ba ruwa ba. Makunnin lantarkin yana hannun na sama, ba ya ba da wuta sai na ce ya ba, kuma kafin in canja sanda sai na ji ya amsa cewa ya kashe. Haɗarinsa shi ne kumfar da ke tashi. Idan ta taru a wani rufaffen wuri sama da inda kake yanka, tartsatsi ɗaya ya ishe ta ta fashe, don haka kafin komai sai an huda mata mafita ta sama.

Duk waɗannan na kiyaye su shekara da shekaru. Inda na yi sake, a aikin da na raina ne.

Wata gonar shinkafa ce a fadama, da sanyin Janairu. Babban famfonsu ya daina jan ruwa yadda ya kamata, saboda ragar da ke bakin bututun ta cushe da kainuwa da leda da taɓo. Zurfin bai fi mita 4 ba, aikin awa ɗaya. Mu uku muka je: ni, da Kawu da ke riƙe mini cibiya tun dawowata, da wani yaro mai kula da kwamfuresa da rediyo. A ƙa'ida ya kamata a ce akwai mai nutso na biyu zaune da kayansa a shirye, amma kuɗin aikin bai kai ba, na ce ai kusa ne. Na tambayi mai kula da injin ko famfo a kashe yake, ya ce tun asuba ba wuta. Ɗakin injin yana can nesa kaɗan da bakin ruwa, ban taka na je na duba da idona ba. Rashin wuta daban, kashe famfo daban, kuma na san haka sarai.

Ga abin da ya sa wannan ya fi zurfi kisa. Idan ruwan wani ɓangare ya ɗara na ɗaya tsawo da mita 3, kuma akwai rami mai faɗin santimita 60 a tsakaninsu, duk abin da ya toshe ramin zai ɗauki nauyin kusan kilo 850, wato buhun siminti 17. Famfo mai tsotsa haka yake yi. Ba a ganin wannan jan, ba a kuma jin sa sai an shiga hannunsa.

Na share kusan rabin ragar ina durƙushe, ina cusa leda a buhu. Sai na ji wani gurnani, ba a kunne ba, a ƙirji da haƙora. Ledar da ke hannuna ta suɓuce da kanta. Kafin in ja da baya, cinyata ta hagu da hannuna sun manne da ƙarfen ragar, kamar ƙaton mutum ya danne ni da gwiwa. Rabin da na share shi ne kaɗai hanyar ruwan, ni kuma na zama marufinsa. Na tokare da ƙafar dama da iya ƙarfina, ko motsi. Na ce, "A kashe! A kashe famfo!" Rediyo shiru, ba wanda ya amsa. Wannan shirun ya fi matsin tsorata ni. Na kama salati, ina tilasta wa kaina numfashi a hankali, ina jin ƙarfe na shiga naman cinyata.

Ashe rashin amsar shi ne alherin. Daga baya yaron ya ba ni labari. Tun kafin in ji komai, Kawu da ke tsugune a bakin ruwa ya ga ɗan tsinken ciyawa da ke kwance wuri ɗaya ya fara tafiya wajen bango, ga wata 'yar ƙaramar juyawa a saman ruwan. Ya ce masa, "Yaro, ruwan ga suna tahiya. Ruga ka kashe injin can!" Yaron ya jefar da rediyo ya zura da gudu. Wani ma'aikacin gonar ne ya zo, mai gona ya bugo masa waya cewa shuka na bushewa, ya tada janareta bai san da mutum a ruwa ba, makunnin famfon kuwa tun jiya a kunne aka bar shi.

Masu kallo biyu suka yi tsalle suka kama cibiyar za su ja. Kawu ya buge hannunsu, ya ce kowa ya saki. Da sun ja, ko kwalkwalin ya fita daga kaina, ko kafaɗata ta goce, ruwan kuma ba zai sake ni ba. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya san abin da aka yi makonni ana nanata mana a Warri: wanda ruwa ya tsotse ba a fizgo shi, sai dai a tsayar da abin da ke jan ruwan.

Gurnanin ya mutu. Ruwan da ke cikin bututun ya dawo baya ya ture ni daga ragar a hankali. Na so in yi sama da gudu, na danne zuciyata, na hau ina fitar da numfashi. Da aka cire mini kwalkwali, Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya duba cinyar, inda sandunan ragar suka bar layi uku baƙi ƙirin, ya ce, "Ɗana, kai ka ga an kashe, ko gaya maka aka yi?" Na ce, "Gaya mini aka yi, Kawu." Ya gyaɗa kai ya tafi naɗe igiya.

Mutane sun yi ta cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda Allah ne ya kuɓutar da ni, amma ban yarda in ɓoye sakacina a bayan wannan magana ba, kuma ban ɗora wa wanda ya tada janareta laifi ba. Aikinsa ya zo yi. Ni ne na shiga ruwa a kan maganar baki.

Na yi mako uku ina ɗingishi. Da na warke, na shiga kasuwa na sayi kwaɗo biyu manya da sarƙa. Yanzu kowane aiki, da ƙafata nake zuwa ɗakin inji, in sauke makunni, in datse shi da kwaɗo, in sa a gwada tada famfon a gabana ya ƙi tashi, sannan in rataya makullin a wuyana cikin riga. Janareta ma haka. Idan ƙofar madatsa ce, sai an rufe ta ko an daidaita ruwan ɓangarorin biyu, kuma kafin in sauka sai an zura tsumma a kan gora a ga ko wani abu na jan sa. Mai nutso na biyu ya shiga cikin kuɗin aiki, wanda ya ga ya yi tsada yana iya neman wani.

Na rasa ayyuka saboda haka. A ranin da ya wuce wani mai gona ya ce mini, "Malam, famfo uku ne da ni, ɗaya kawai za ka gyara, don me za ka kashe mini duka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, duk ukun daga rami ɗaya suke sha." Ya yi shiru yana kallon shinkafarsa, na san yana lissafin awa biyu ba ruwa, kuma ban ga laifinsa ba. Can ya miƙa wa yaronsa makullin ɗakin inji ya ce a kai ni. Da na dawo bakin ruwa da makullan kwaɗona a wuya, na tarar Kawu ya riga ya tsinko ciyawa ya watsa a saman ruwan, yana tsugune yana kallon ta. Sai da ta daɗe kwance ba ta motsa ba, sannan ya ɗauko kwalkwali ya sa mini.