Abin da na koya a wajen gwada wa mahaya keke takalmi

Makon nan na ajiye aiki, kuma ba gajiya ce ta kore ni ba, manajanmu ne. Dokarsa ɗaya ce: duk wanda ya shigo, a kai shi wajen takalmi mafi tauri mai ƙasan kabon (wani abu ne marar nauyi mai tsananin tauri), domin nan riba take. Ranar da na ba wani dattijo mai fama da zugin ƙafa takalmin nailan mai ɗan sassauci, a gaban abokan aiki ya ce da ni an ɗauke ni in sayar ne, ba in zama likita ba. Har yau maganar tana ci min rai.

Ban taɓa cewa tauri ba shi da amfani ba. Ƙasan takalmi in ya yi laushi da yawa, lanƙwashewa yake yi a kan feda, tafin ƙafa ya gaji. Amma kabon ba ya rangwame. Wani bincike da aka buga a 2003 ya nuna cewa matsin da yake yi wa gaban ƙafa ya fi na roba da kashi 18 cikin ɗari. To ga ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya, ga takalmi matsattse: sai jijiyoyin da ke tsakanin ƙasusuwan gindin yatsu su matsu, ƙafa ta ɗau zafi kamar an taka garwashi, yatsu su sage. In aka yi sake, jijiyar tsakanin yatsa na uku da na huɗu tana iya kauri, ciwon ya zauna. Ɗan tseren da ke neman daƙiƙa ɗaya zai jure. Dattijon nan lafiya ya fito nema.

Lambar tauri da manaja yake nuna wa mutane ma ba ma'auni ɗaya ba ne. Kamfanin Shimano na tsayawa a 12, kamfanin Specialized na kaiwa 15, kowa da sikelinsa.

Sauran darussan gajeru ne. Faɗin takalmi ya fi taurinsa muhimmanci. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta buɗe. Kafin a ce wa mutum ya sayi sabo, a ja maƙalin feda, wato ɗan abin da ke ƙasan takalmi yana kama feda, baya kaɗan, sau da yawa zafin yana lafawa.

Dattijon ya dawo daga baya da abokansa biyu, ni suka nema. Manaja ne ya karɓi kuɗin, bai ce min uffan ba.