Abin da aikin dare ya koya mini game da riƙon gida

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare wayata ta yi ƙara, ina tsaye a kan wani yaro ina gyara masa ƙarin ruwa. Maigida ne. Ba ya kirana idan ina aikin dare sai da dalili, don haka tun kafin in ɗauka gabana ya faɗi.

"Maman yara, jikin auta ya yi zafi, ga gudawa har sau uku. Ina kika ajiye abin gwada zafin nan?"

Na ce ya duba durowar gado. Babu. Saman firji, babu. Ina jin kukan yaron ta cikin waya, ina jin ana jan durowa ana mayarwa. Ashe abin yana cikin jakata, nan gefena a asibiti. Na ce to ya haɗa masa ruwan gishiri da sukari, akwai na leda a kabad ɗin kicin. Ya samo, ya karanto mini kwanan watan da ke jiki, ya wuce da wata biyar. Dole na koma ina faɗa masa na gida: ledar fiyawata biyu masu rabin lita, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Allah ya taimaka, kafin asuba yaron ya samu barci.

Da na ajiye wayar sai na tsaya ina kallon ɗakin da nake ciki. Ɗakin kwantar da yara ne a wani asibiti nan Kaduna, inda na shafe shekaru ina aikin jinya. Duk nas ɗin da za a turo daren nan, ko ba ta taɓa taka ɗakin ba, cikin minti goma za ta san inda komai yake, ta san yaron da ya sha magani da wanda ke jira. Amma gidana na ɗaki uku a Badarawa, mijin da muka shekara goma sha huɗu tare ya kasa samun abu ɗaya a ciki. Ba laifinsa ba ne. Ni na tattara gidan gaba ɗaya na zuba a kaina, in na fita sai in fita da shi.

Muna ɗalibai akwai wata matiron da ta horar da mu, Allah ya ji ƙanta. Ba ta yarda ka bar bakin aiki sai ka miƙa shi yadda ya kamata. Za ku bi gado-gado da mai karɓar ki, ki faɗi abin da aka yi wa kowane yaro da abin da ya rage, ku ƙirga magunguna, ku duba tukunyar iskar numfashi, sannan ku buɗe tiren gaggawa. Wannan tiren shi ne ranta. Kowace allura da gurbinta, kowane sirinji da nasa, yadda ko an ɗauke wuta hannunki zai je kansa kai tsaye. Wata rana na yi amfani da almakashi na sa a aljihu na tafi ɗakin kwana da shi. Washegari ba ta yi mini tsawa ba. Kama hannuna ta yi ta ce, "'Yata, duk ranar da sai an neme ki kafin a san inda abu yake, ba ki gama aikinki ba, ko da kin kwana a tsaye." Shekara da shekaru ina riƙe da maganar nan a asibiti, ban taɓa tunanin ta shafi gidana ba sai daren nan.

Da akwatin magani na fara. Robar ayis kirim ce babba mai murfi, na sa ta a saman wadirob inda hannun yara ba ya kaiwa, na nuna wa maigida da babbar 'yata. Ma'aunin zafin jiki na gida daban, wanda ba ya fita ko'ina. Ledojin ruwan gishiri da sukari, ƙwayar zinc ta gudawar yara, farasitamol, filasta, auduga, da katunan asibitin kowa a cikin leda guda. A bayan murfin na manna takarda: digiri 38 zuwa sama zazzaɓi ne, a kai yaro gwajin maleriya, kada a fara magani da ka, ruwan gishiri da sukarin da aka haɗa, in ya cika awa 24 a zubar a sake wani. Ranar da albashi ya shigo nake sauko da robar in bi kwanakin da ke jikin magunguna. Ba ya cin minti biyar.

Daga nan na shiga kicin da idon ma'aikaciyar jinya, kuma abin da na gani ya tayar mini da hankali. Ƙarƙashin sink, ga kananzir a cikin gorar lemo, kusa da shi ga bilic, duk a ƙasa inda mai rarrafe zai iya kaiwa. Ni da na sha karɓar irin yaran nan. Akwai wani da ba na mantawa, bai fi shekara biyu ba, aka kawo shi cikin zafin watan Afrilu. Rigarsa sharkaf da manja, bakinsa na warin kananzir, yana numfashi sama-sama kamar ɗan tsako. Ƙishirwa ta kama shi, ya ga gorar da ya saba ganin ana shan lemo a ciki, ya kafa kai. Maƙwabta suka ɗura masa manja don ya amayar. Uwarsa na zaune a ƙasa, ɗankwalinta a hannu, tana ta maimaita cewa minti biyu kawai ta shiga bayi. Na yarda da ita, domin minti biyun ya isa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne aman ne ke ƙara ɓarna, domin in kananzir ya dawo sama yana iya faɗawa huhu, kuma can ne yake kisa. Ba a ba da manja, ba a ba da madara, ba a sa yatsa a maƙogwaro. Asibiti ake nufa. Yaron ya rayu, bayan kwanaki a kan iskar numfashi. A ranar na juye kananzir ɗinmu a jarka mai murfi, na rubuta sunansa a jiki, na ɗaga shi sama tare da bilic da maganin sauro. Har yau in na shiga gidan 'yan uwa na ga kananzir a gorar lemo ba na iya yin shiru, ko da za a ce na cika shisshigi.

Abin da ya fi komai sauƙaƙa mini rayuwa kuwa littafi ne, irin na 'yan makaranta mai shafi arba'in, da biro ɗaure da zare a jikin ƙusa kusa da ƙofar kicin. Shi ne littafin rahotonmu. Duk wanda ya ɗauki dunƙulen Maggi na kusa da ƙarshe ya rubuta. Wanda ya ga sabulu ya sirance ya rubuta. Ranar da aka cika tukunyar gas a rubuta. Bayan cikawa uku na gane kilo 12.5 yana kai mu mako biyar, don haka da an shiga na biyar nake ware kuɗinsa. Kafin nan sau nawa gas ya ƙare mini tuwo na kan wuta, ruɗe ya yi rabi, a tashi yaro da magariba neman gawayi. Haka katin wuta: duk Juma'a a leƙa mita a rubuta abin da ya rage.

Littafin nan ya rage mana kuɗin mota ma. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zirga-zirgar kasuwa sau uku a mako ta zama asara. Yanzu ranar Talata nake shiga kasuwar Kawo da jerin abin da littafi ya tara, in gama sau ɗaya. Kayan miya kuwa sai Bakin Dogo, kuma da lokacinsu. Duk wanda ke Kaduna a 2016 zai tuna shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatur har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Waccan shekarar surukata, Hajiya, ita kaɗai ce a danginmu miyarta ba ta canza ba, saboda buhun kauɗar da ta shanya tun da rani. Daga wurinta na koya. Tsakanin Janairu da Maris, lokacin da tumatur ɗin noman rani ya cika kasuwa, nake sayen kwando. Rabi a yanka a shanya, iskar hunturu ta busar da shi cikin 'yan kwanaki. Rabi a markaɗa a dafa har ruwan ya ƙone. Ba na dogara da firiza kaɗai, kowa ya san halin wuta. Wake kuma a jarka busasshiya nake zuba shi, a cika ta har wuya a toshe bakin da leda. Ƙwaro ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga, kuma ba sai an zuba wa abinci guba ba.

Wata al'adar ɗakin magani ita ma ta biyo ni gida: wanda ya riga shigowa shi ke riga fita. Sabon mudun shinkafa ba ya hawa kan tsoho. Sabon gwangwani baya yake komawa, tsoho ya matso gaba. Abin da zai shiga firiza a manna masa filasta a rubuta rana.

Sai shirin dare. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma safiyar makaranta tafiya ce ta kullum. Bayan sallar isha'i akwai kwata ɗin awa da babu mai zama. Kayan makaranta a rataye, safa a cikin takalmi, jaka a bakin ƙofa, kuɗin Napep a ƙarƙashin kofi, waken ƙosai a surfe a jiƙa in shi za a yi. Makulli ƙusa ɗaya gare shi, ashana da tocila gurbi ɗaya. In an kawo wuta, ko ƙarfe nawa ne, duk wanda ke farke ya san jerin: a kunna famfon burtsatse a cika tanki, a sa fitilu da wayoyi a caji, sannan guga.

Ba duka abin da na ɗauko daga asibiti ne ya zauna ba. Na taɓa zana jadawalin abinci na mako, na manna a bango, Litinin kaza, Talata kaza. Bai yi wata ba ya mutu. Gidan Bahaushe ba a san ranar baƙo ba. 'Yan uwa za su sauka daga Zariya da azahar, ko maƙwabciya ta haihu a ɗora girkin gidan biyu, ko a wayi gari alayyafo ya yi araha kuɓewa ta yi tsada. Na kuma fara bin mutane da tambaya kamar ina zagayen gado, wa ya motsa wannan, wa bai rubuta wancan ba. Wata rana maigida ya kira ni gefe, cikin natsuwa ya ce, "Maman yara, mun ga amfanin abin nan, amma yaran nan sun fara jin tsoron dawowarki." Maganar ta yi mini ciwo domin gaskiya ce. A asibiti kuskure ɗaya na iya cin rai, shi ya sa ake tsanani. A gida kuwa in an manta rubuta sabulu, sabulu ne kawai. Na cire jadawalin. Na bar tsananin a wuri biyu, magani da abin da yaro zai iya sha ya cutu, sauran kuma na sassauta.

Inda muka ɗan sha bamban da Hajiya shi ne batun yara maza. Ta zo ta tarar da babban ɗana, mai shekara goma sha ɗaya, yana wanke tukunya. Ta ce, "Ke kuwa ga mace a gidan, ki sa namiji wanke-wanke?" Na durƙusa na ce, "Hajiya, ku gafarce ni. Yayarsa tana girki, ni ina asibiti kwana uku a mako. In bai koya a gabanmu ba, ranar da ya tafi makarantar kwana wa zai yi masa?" Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma hana ba. A raina na san abin da nake gudu. Na ga mata da yawa a gadon asibiti, an ce su kwana biyu a duba su, suna kuka suna roƙon a sallame su, domin babu wanda ya san yadda ake kunna murhu a gidansu. Wata da hawan jini ga tsohon ciki ta sa hannu ta tafi, muna ba ta baki tana cewa yaranta ba su ci komai ba tun safe. Ana yabon irin wannan macen, a ce ita ce gidan. Ni tausayinta nake ji, ita da gidan duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba na so ranar da na kwanta ciwo 'ya'yana su haɗa damuwar rashin lafiyata da yunwa.

Makon jiya na sauko daga aikin dare, na iso gida wajen tara saura, duk sun fita. Kafin in cire hijabi na ɗauko littafin daga ƙusa. Rubutun ɗana ne, da manyan baƙaƙensa masu karkata: an kawo wuta ƙarfe biyu, Abba ya cika tanki, Yaya ta ce manja saura kaɗan, auta ya yi tari da dare, Abba ya gwada jikinsa, 37, bai ba shi komai ba, kunun Umma na cikin fulas. Na ƙara manja a jerin Talata, na zuba kunun na sha da ɗuminsa, na ja labule na kwanta.